Akwatin da Yake Gyaran Murya

Jama'a, wannan da zan ba ku ba tatsuniya ba ce, ba kuma a bakin wata na tsinta ba. Da ni ya faru, a ɗakina, a nan Sabon Ibadan, shekaru kamar biyar da suka wuce, kuma Allah shi ne shaidata ko gishiri ban ƙara masa ba. Ni ba mai karatu ba ce, firamare ma ban ƙarasa ba, don haka yadda nake magana haka zan zuba muku. In kun ji kamar ina ɗaga murya a wasu wuraren ku yi haƙuri, har yau abin bai gama sauka daga ƙirjina ba.

Lokacin muna haya a wani tsohon gida irin namu na Sabo, doguwar baranda, ɗakuna suna kallon juna, mu muna ciki da falo a can ƙarshe. Sana'ata waina, a cikin gida nake suya, kafin hantsi ya ɗaga ƙulluna ya ƙare. Maigidana, Baban Ummi, dillalin albasa ne a Kasuwar Shasha, da sassafe yake fita ba ya dawowa sai bayan magariba, har ranar Lahadi. 'Ya'yanmu mata biyu daga boko sai Islamiyya, ba na ganinsu sai biyar ta wuce. To daga azahar zuwa la'asar ni kaɗai ce, kuma ni dama mace ce mai son ɗakinta, ko biki in ba ya zama dole ba ba ya fitar da ni, sai dai in kin zo wajena, to nan kam sai kin gaji da hira kin gudu da ƙafarki.

Wata rana Baban Ummi ya dawo da baƙar leda, ya fito da wani ɗan baƙin akwati bai fi tafin hannu ba, irin wanda ake jona wa talabijin a ba shi data daga waya a kalli duk abin da rai ke so. Na tambaye shi inda ya samo, ya ce a hannu ya samu, ni kuma ban ja maganar ba. Daga ranar falona ya zama gidan kallo. Kullum bayan magariba sai ya kwaso abokansa uku huɗu su baje suna kallon dambe suna ihu, ni ina uwar ɗaki, in zan kawo abinci in zura hijabi in ajiye in koma. Akwati kuwa garau, ko tari ba ya yi. Ni da nake tashi suya tun kafin kiran farko, kafin su watse na yi barci, don haka ban taɓa zama kallo da shi mu biyu ba.

Ummi, babbar 'yata, ta koya mini yadda ake kunnawa, na ce to rabona ya zo. Ranar farko bayan azahar na tura ƙofa, na saki labule, kun san zafin Ibadan mai maiƙo, na tuɓe ɗankwali na yi ɗaurin ƙirji, na jawo farantin shinkafar da zan tsince na danna fim. Ko minti guda bai yi ba sai ɗif, allo ya yi baƙi, 'yar shuɗiyar fitilar akwatin ta ƙifta, sai ga shi yana tashi daga farko, wani zobe yana ta juyawa. Na jira ya gama, na sake nemo fim ɗin da ƙyar, ni da ba gwanar karatu ba da hoto nake gane abu, yana farawa ya sake mutuwa. Ranar sau bakwai na ƙirga har aka kira la'asar, ban ga ko fuskar jarumar da kyau ba.

Da daddare na gaya wa maigidan, ya kunna a gaban abokansa ya yi aiki lafiya lau, sai ya ɗaga murya yadda zan ji daga ciki ya ce hannun wasu ne ba ya jituwa da kayan zamani. Suka yi dariya. Na haɗiye.

Washegari haka, wanshekare haka. Ba abin da ban gwada ba. Na canja batirin rimot. Na cire wayar da ta haɗa shi da talabijin na hure ta na mayar. Wata maƙwabciya ta ce zafi ne yake yi, na ɗora shi a kan murfin tukunya na zauna ina masa fifita da mafici kamar sabon jariri, ni ina gumi shi yana shan iska. Aka ce wuta ce ba ta da ƙarfi, na jira ranar da aka kawo ta cikakkiya har fanka tana neman tsinkewa, duk ɗaya. Aka ce cikinsa ne ya cika, Ummi ta goge rabin abin da ke ciki. Aka ce akwai wani ɗan rami a bayansa da ake soka tsinken sakace a danne har ya manta komai ya dawo sabo, na soka, ya manta komai, amma bai manta da mutuwa ba.

To ni akwai abu ɗaya da Allah ya ba ni, kunne. Daga ƙarar ƙullu a tanda nake sanin wuta ta yi ko ba ta yi ba, kuma duk wanda ya taka barandar gidan nan, kafin ya yi sallama na san ko wane ne. A rana ta huɗu ne na lura kafin akwatin ya mutu akwai wata ƙara da take fitowa. Na yi kasaƙe. Gyaran murya ne. Na namiji, dattijo, sau biyu, na farko mai nauyi daga ƙirji, na biyu gajere, sannan ɗan jan hanci a ƙarshe. Sak irin wanda babban mutum yake yi in ya tsaya a bakin zaure don matan gida su kimtsa. Na ce a cikin fim ne. Na canja fim, ya yi. Na sa wa'azi, ya yi. Na rage sautin talabijin har ƙasa, hoto yana motsi ba magana, sai ga gyaran murya tar a tsakiyar falona, sannan ɗif.

Gabana ya faɗi, amma wallahi haushi ya fi tsoro yawa a lokacin, don ni gani nake wani shirme ne na masu haɗa abin. Ban ma gaya wa maigidan zancen muryar ba, na san me zai ce. Matsa masa kawai na yi har ya kai shi Mokola wajen wani Bayarabe mai gyara, Oga Wasi'u. Kwana biyu ya yi a shagon, a kunne daga safe har yamma, maza cike da benci suna kallon ƙwallo, bai ƙifta ba. Duk da haka mutumin ya yi masa filashin, wato ya wanke ƙwaƙwalwarsa ya zuba sabuwa, ya canja caja, aka dawo da shi. Washegari da rana ina zama, gyaran murya, ɗif.

Na ce to sai dai mai gyaran ya zo gida ya gani da idonsa. Baban Ummi ya baro kasuwa da wuri yana ta mita, ya zo da shi. Ni kuma tunda baƙon namiji ne na sa hijabina har ƙasa na zauna a bakin ƙofar uwar ɗaki. Oga Wasi'u ya gwada soket da wani abin awonsa, ya bi waya har baranda, ya kunna akwati, ya miƙo mini rimot ya ce in danna duk yadda na saba. Na danna. Awa biyu cur abin nan yana aiki kamar mai neman yabo. Mutumin ya cinye wainata faranti guda da miyar taushe, ya suɗe hannu, ya kalle ni ya ce, "Madam, ejo, abin nan no get fault. Lafiyarsa ƙalau." Maigidan kallona kawai ya yi, irin kallon da ya fi zagi. Ranar kamar in ɗauki taɓarya in daka akwatin nan har ya zama gari, da na yi ma da na huta.

Abin da ban sani ba, ba ni kaɗai nake jin muryar ba. Tagar falona barandar take kallo, kuma daidai ƙarƙashinta Hajiya Atine take shimfiɗa tabarma da rana tana tsintar wake. Yayar mai gidan hayar ce, ta girme mu duka, ita ake kai wa ƙara in an yi faɗan famfo, kuma maganarta a gidan ta zauna. Na fara ganin in na fito ɗiban ruwa hira tana yankewa. Wata da take aiko sayen waina kullum tun ina goyon Ummi ta daina. Aka yi suna a gida na uku daga namu, aka raba goro ɗaki ɗaki aka tsallake nawa. Ina ta tunanin wa na ɓata wa.

Sai rannan na fito shanya, Hajiya Atine ba ta ko ɗago kai daga wakenta ba ta ce, "Maman Ummi, ƙaninki ne ya zo daga Kano ba ki kawo shi ya gaishe mu ba?"

Na ce, "Wane ƙani, Hajiya? Ba wanda ya zo."

Ta ce, "To. Kunnena ne ya tsufa. Don kullum in Malam ya fita kika saki labule sai in ji namiji yana gyaran murya a ɗakinki."

Wallahi sai da bokitin hannuna ya faɗi. Kuma ni da wautata, maimakon in yi shiru in nemi dabara, sai na kama rantsuwa ina cewa akwatin kallo ne yake yi. Ta ɗago ta dube ni ta ce ita dai ta shekara sittin a duniya ba ta taɓa ganin akwati mai maƙogwaro ba. Kafin magariba maganar ta zaga Sabo, har da ƙari, wai an ga takalmi, wai an ji dariya. Ni da ban san hanyar tashar Ojoo ba sai an kai ni. Ni da shekara goma sha biyar ina gidan mutumin nan ko mai sayar da ruwa bai taɓa wuce dokin ƙofata ba.

Ranar Talata maigidan ya dawo shi kaɗai, ba abokai. Na kawo tuwo bai taɓa ba. Ya kori yara ciki, ya dube ni ya ce, "Wa yake shigo mini gida?" An tare shi da zancen a ƙofar masallaci, in ji shi, har mutum biyu. Ya ce ya ba ni zuwa Juma'a, in ban faɗa masa gaskiya ba zai kira Kawuna da ya aurar da ni ya zo ya tafi da ni, a yi maganar a gaban manya.

Ban yi kuka ba, hawayen ma ƙin zuwa suka yi. Na ce masa tunda ya yarda da kunnen Hajiya Atine, to ya saurari nawa. Na gyara zama na kwaikwayi muryar yadda nake jin ta kullum, mai nauyin, gajeren, da jan hancin, don ni in na ji abu sau uku to na ɗauke shi. Ina gamawa na ga fuskar mutumin nan ta canja, ta yi fari fat kamar an watsa masa toka. Ya kalli akwatin, ya kalle ni, ya miƙe ya ɗauki buta ya fita, alhali da alwalarsa. Da ya dawo sai ya zare cajar daga bango ya ce sharrin wuta ne, kada in sake kunna shi. Na ce to maganar Juma'a fa? Ya ce in ƙyale shi ya kwanta.

A nan na gane abu biyu. Na ɗaya, ya san muryar. Na biyu, ba shi da niyyar wanke ni. So yake a kashe akwati, murya ta ɗauke, magana ta mutu da kanta. To amma ku taya ni gani, in murya ta ɗauke daidai ranar da miji ya yi faɗa, me 'yan baranda za su ce? Cewa za su yi asiri ya tonu ta kori kwarton. Shi ya huta, ni kuma in mutu da tabo, 'ya'yana mata su tashi ana nuna su da baki. Na ce a raina ba za a yi haka da ni ba. Yana fita da safe na mayar da caja.

Ranar Laraba na yi azahar, ina kan sallaya jikina duk a mace, ko hijabin ban iya cirewa ba, na miƙa hannu na danna rimot don in ji muryar in ƙara tantance ta. Fim ya fara. Minti biyar, minti goma, rabin awa. Bai mutu ba. Na ce ikon Allah, yau kuma da nake neman ka yi ka ƙi? Zafi ya ishe ni na kama hijabin na zare ta kai. Bai gama fita daga wuyana ba na ji gyaran murya, ɗif.

Na zauna ina kallon zoben nan yana juyawa. A hankali na mayar da hijabi. Ya tashi, ya ci gaba da aiki lafiya. Na ba shi lokaci, na sake zarewa. Gyaran murya, ɗif. Sau uku na gwada, sau uku ya yi. Sai komai ya dawo mini, shagon Mokola maza ne zalla, kallon dambe ina cikin hijabi, ranar mai gyara ina cikin hijabi. Tsigar jikina ta tashi tun daga tafin ƙafa har tsakar kai, don ma'anarsa ɗaya ce, abin nan yana ganina. Sati uku ina zama a gabansa da ɗaurin ƙirji. Na rarumi zanin gado na lulluɓa a kan hijabin, na fita baranda na zauna a rana har yara suka dawo, Hajiya Atine tana ta kallona ta wutsiyar ido.

Ban gaya wa kowa ba, na jira Juma'a. Ana saukowa daga masallaci Baban Ummi ya shigo zai canja riga ya koma kasuwa, yana ta kauce wa idona, na tare ƙofa na ce yau ce ranar da ya yanka, kuma ba sai an wahalar da Kawu ba. Na leƙa na kira Hajiya Atine da Maman Sadiya, wadda ta daina sayen wainar. Na ce Hajiya ta shiga uwar ɗaki ta duba ƙarƙashin gado, ta buɗe durowa, ta ɗaga labule. Ta ce a'a ba sai an kai ga haka ba, na ce wallahi sai an kai, ai kunnenta ya shiga, gara ƙafarta ma ta shiga. Ta shiga ta fito ta ce ba kowa. Na bar ƙofa a buɗe, na kunna akwati, na rage sauti har ƙasa, muka tsaya mu huɗu muna kallon hoto yana motsi.

Na ce, "Hajiya, buɗe kunnen nan naki da kyau." Na zare hijabi.

Gyaran murya. Mai nauyin, gajeren, jan hancin. Ɗif.

Maman Sadiya ta yi baya ta bugi bango tana salati. Hajiya Atine kuwa mayafinta kawai na ga ta ja har ya rufe goshi. Na mayar da hijabi ya tashi, na zare ya sake yi. A karo na uku zuciya ta ɗebe ni, na jefar da hijabin a kujera na tsaya a gabansa kaina a buɗe na ce ko wane ne ya sani nan ɗakina ne, ni aka yi wa jere a cikinsa ba shi ba. To a nan ne ya yi abin da bai taɓa yi ba. Bai sake tashi ba. 'Yar fitilar ma ta ɗauke, ga wuta, ga fanka tana juyawa, shi kuwa shiru. Muka daɗe a haka, har sai da Hajiya ta ɗauko hijabin ta ce, "Rufa, 'yar nan, don Allah rufa." Ina rufawa fitila ta kawo.

Sai na ji maigidana daga bayana, ya zube a ƙasa ya dafe kai, yana cewa a hankali, "Malam Haladu, ka yi haƙuri. Ka yi haƙuri, Malam Haladu."

Ashe wani dattijo ne ɗan dako da ya yi shekara da shekaru yana sauke masa albasa a Shasha, mutumin wani gari can wajen Sakkwato. Ni ban taɓa ganinsa ba. Wai mutum ne mai tsananin kunya, ko rumfar mai abinci zai shiga sai ya tsaya ya yi gyaran murya, har tsokanarsa ake yi da shi a kasuwa. Ya yi 'yar gajeriyar jinya ya rasu, aka binne shi a nan. Kun san yadda ake yi in baƙo ya rasu a kudu, wanda mamacin yake aiki a ƙarƙashinsa shi zai tattara kayansa kaf a gaban shaidu, ko cokali ne, a ɗaure a kai Ojoo a ba direba ya kai wa magada, su za su raba. Baban Ummi aka ba amanar. Ya ɗaure tabarma, buta, riguna, 'yar talabijin, amma da ya zo kan akwatin, wanda marigayin yake jin tafsiri da shi, sai ya ce a ransa ai matar marigayin 'yar ƙauye ce, ba za ta iya da shi ba, ɓata shi za a yi, ya zura a aljihu.

Ina jin haka na juya na dube shi. Na ce, "Wato tun Talata ka san mai muryar, ka gwammace a ce matarka tana ajiye namiji da a ce ka taɓa kayan marayu." Ya ce in rufa masa asiri. Na ce asirin wa aka rufa a ƙofar masallaci? Na gaya masa a gaban Hajiya, inda aka ɓata ni a nan za a wanke ni, in ba haka ba ni da kaina zan kira Kawu, kuma in na fita ba zan dawo ba.

Allah ya sani, ya kuwa wanke ni. Bayan la'asar ya tsaya a tsakiyar baranda, mata a ƙofofinsu, ya faɗi komai da bakinsa. Bayan magariba ya maimaita wa mutanen da suka tare shi. Hajiya Atine ta zo har ɗaki ta nemi gafara, na ce na yafe, don tsohuwa ce, amma na tambaye ta takalmin da aka ce an gani wane launi ne, ta sunkuyar da kai. Maganar kwarto dai ta mutu, sai dai wata ta maye gurbinta, aka koma cewa ɗakina da mutanen ɓoye, wasu har yau ba sa shigo mini. Wannan ban damu ba, gara a ji tsorona da a raina ni. Shi kuwa maigidan, wata biyu ina dafa masa ina ajiyewa ba tare da na zauna kusa ba, kuma ko yanzu in zancen ya faɗo sai ya tuna yana da aiki a waje.

Washegari ya naɗe akwatin da rimot da tsohuwar cajar da sabuwar, ya kai Ojoo da kansa, ya kira ƙanin marigayin ya nemi yafiya.

Bayan kamar wata guda abin ya ƙi barina, na karɓi lambar ƙanin na ce a haɗa ni da matar marigayin. Tana cikin takaba lokacin, murya a sanyaye, baiwar Allah mai haƙuri. Na yi mata ta'aziyya, muka ɗan taɓa hira, ta ce sun gode, yara sun jona shi da hasken sola suna jin karatu. Sai na daure na tambaye ta ko yana mutuwa yana tashi.

Ta ce a'a, ita bai taɓa yi mata ba, ko tana kitso ne a gabansa.

Na ce alhamdulillahi, har na fara sallama, sai ta ce, "Sai dai in matar ƙaninsa ta shigo ba mayafi. Nan kam yakan yi." Ta faɗe shi kamar mai ba da labarin ruwan sama. Na ajiye wayar.

Na tambayi malamai biyu, ɗaya ya ce aljani ne yake kwaikwayo, mamaci ba ya dawowa, ɗaya ya ce in bar wa Allah saninsa. Oga Wasi'u da aka ba shi labari cewa ya yi shi dai ya buɗe cikin abin da hannunsa, babu lasifika a ciki balle ido. Ni ban san gaskiyar ba, kuma ba zan ce muku na sani ba.

Abin da zan ce kawai, 'yan'uwa, in aka ba ku amanar kayan mamaci ku kai su yadda suke, ko allura ce, kada ku yanke wa magada abin da ya dace da su. In miji ya shigo da kaya ya ce a hannu ya samu, ki tambaye shi hannun wa, mai hannun yana raye ko ya mutu. Ke kuma mai zama ƙarƙashin tagar mutane, abin da kunnenki ya jiyo ba shi ne shaida ba, ki ji tsoron Allah kafin ki kai shi famfo. Mun sayi wani akwatin sabo fil a kwalinsa, shekara huɗu ke nan bai taɓa ƙiftawa ba. Amma ni har yau, ko ni kaɗai ce a falo, ko zafi zai kashe ni, ba na zama a gabansa sai da ɗankwali a kaina.